Ƙaddara ce ko rashin sa'a? Taƙaitawar muhawarar ambaliya

Na tattaro abin da aka faɗa kan gonakin shinkafar da ruwa ya ci a Auyo da Hadeja, Jihar Jigawa, a 2022.

1. An yi ittifaƙi cewa imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, na cikin shika-shikan imani shida.

2. Kan kalmar "sa'a" aka rabu. Wasu sun ce faɗarta kuskure ne, babu abin da ke faruwa haka kawai. Wasu sun ce suna ne kawai na abin da ba mu gano sababinsa ba.

3. Mafi yawa sun ƙi a fake da ƙaddara. Ciyawar kachalla na toshe hanyar ruwa, in ba a yashe ba kogi ya balle. Wanda ya shuka a kwari a makare, ga ruwan Agusta da Satumba, ya san hatsarin. Shawararsu: a yi jinga tun bazara, a nemi iri mai saurin nuna, a raba shuka tsakanin fadama da tudu. An kawo hujjar Sayyidina Umar, da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba.

4. Tambayar da ta gagara, ni ma ta tsaya mini: maƙwabta biyu sun yi jinga iri ɗaya, ta ɗaya ta fashe, ta ɗayan ba ta fashe ba. Wannan ƙaddara ce ko rashin sa'a?