Ƙara na'urar jin zafi a kan ƙararrawar ɓarayi

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna da ƙararrawar ɓarayi ta kamfanin DSC mai waya a gida, Kano, zon ɗaya (wato layin da ake haɗa na'urori a kai) babu komai a kansa. Ina son sa na'urar jin zafi a kicin da ɗakin janareta, don ta hayaƙi ko albasa aka soya sai ta yi ihu. Wacce zan saya, kuma ya ake haɗawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara duba lambar jikinta. Mai digiri 57 ce ta cika kasuwa, amma an yi ta ne don silin da zafinsa ba ya wuce 38. A Kano cikin Afrilu ko inuwa takan kai 40, balle ƙarƙashin kwano kusa da janareta. Can mai digiri 90 za ka sa. Mai auna saurin hauhawar zafi kuwa, wadda ke tashi idan ya ƙaru da kamar digiri 8 a minti ɗaya, kada ta shiga kicin. Buɗe tanda kaɗai ya isa ya tashe ta.

Amsa ta 2: Haɗin ne inda ake yawan kuskure. Na'urorin ƙofa a rufe suke, wato wayoyinsu biyu a haɗe suke (NC), ana jera su bi da bi. Ta zafi a buɗe take, NO, sai wuta ta kama ta haɗe wayoyin biyu. Don haka kada ka cusa ta a zon ƙofa. Cire wuta da batir, ja waya mai ƙwaya biyu daga zon da COM (mahaɗar gama-gari da ke akwatin ƙararrawar) zuwa kicin, ka zarce ɗakin janareta. Rizisto 5.6k, wanda DSC ke amfani da shi, ka gicciya shi tsakanin ƙafafun na'ura ta ƙarshe. Masu gaggawa sukan bar shi cikin akwatin ƙararrawar. In ɓera ya ci wayar, akwatin zai ci gaba da nuna lafiya lau, alhali babu komai a layin. Sannan a saita zon a matsayin na gobara, awa 24, in ba haka ba da ka kashe ƙararrawa da safe shi ma ya kwanta.

Amsa ta 3: A silin, ba saitin murhu ba, aƙalla santimita 30 daga bango. Kada ka gwada da ashana: wasu dalma ce a ciki, ta narke sau ɗaya an gama. Taɓa ƙafafun biyu da guntuwar waya, jiniya ta tashi. Ɗakunan kwana kuma ta hayaƙi ce dai, Alhaji, don hayaƙi kan riga zafi isa wurin mai barci.