Fim ɗin da aka yi a Kolozsvár a 1914: na Hangari ne ko na Romaniya?

Lawal_Kundi: Assalamu alaikum. Ga tambaya ga masu aikin adana finafinai. Idan ana haɗa kundin finafinan harshen Hangari, ina za a saka waɗanda Janovics Jenő ya shirya a Kolozsvár? Garin yanzu sunansa Cluj, cikin Romaniya yake, kuma finafinan ba su da sauti balle a ce ga harshen da aka yi magana da shi.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Raba gurbin ƙasa da na harshe, kada ka haɗa su. Ƙasa ana rubuta ta ne yadda take a shekarar da aka yi fim. A 1914 Kolozsvár na cikin Hangari, sai da yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta tabbatar wa Romaniya yankin. Don haka ka rubuta Hangari, sunan gari Kolozsvár, Cluj kuma ya shiga gurbin ƙarin bayani.

Harshen fim marar sauti shi ne na rubutun da ake saƙawa tsakanin hotuna, kuma a nan ake yawan zamewa. Cikin finafinan Hangari marasa sauti wajen 600 na wancan zamani, kusan kashi goma cikin ɗari ne suka tsira, da yawa a ƙasashen waje aka gano su, ɗauke da rubutun Jamusanci ko na wani harshe. Wannan harshen na kwafin da ke hannunka ne, ba na ainihin aikin ba. Littafin ƙa'idojin FIAF, ƙungiyar ma'ajiyoyin finafinai ta duniya, na 2016 ya raba aiki da kwafi saboda irin wannan. Wanda bai raba ba zai wayi gari fim ɗaya ya zama biyu a kundinsa.

Sani Majigi: Haka ne, Malama. A ƙara da sunaye. 'Yan Hangari sunan dangi suke fara rubutawa: Kertész Mihály, wanda ya ba da umarni a fim ɗin A tolonc a can Kolozsvár, shi ne Michael Curtiz na Amurka, Korda Sándor kuma Alexander Korda na Ingila. Zaɓi suna ɗaya a matsayin tushe, ɗayan ya riƙa nuni zuwa gare shi. Ka kuma ajiye fayil a tsarin haruffan kwamfuta na UTF-8, don tsohon tsarin Latin-1 ba shi da haruffan Hangari ő da ű, sai su koma õ da û, bincike ya daina kamawa. Take kuwa a bar shi yadda aka rubuta: fim na farko na Hangari, na 1901, A táncz ne da cz, ko da yake yau tánc ake rubutawa.

Lawal_Kundi: Na gode. To shekara fa, ta gamawa ko ta fitowa?

Malama Rabi: Duka biyun, kowace da gurbinta. Bayan gwamnatin Hangari ta karɓe masana'antar fim a 1948, gama fim ba ya nufin a nuna shi. A tanú na Bacsó Péter an gama shi a 1969, aka hana shi fita kusan shekara goma, sannan ya je bikin finafinai na Cannes a 1981. Gurbi ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Idan ka samu saɓani tsakanin majiyoyi, fara duba bayanan ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Budapest, wadda aka kafa a 1957.