Karsanar Kasuwar Legas: Ta Garke ce ko Ta Wuƙa?

Alhaji Sale, Agege:
Assalamu alaikum. Masu ƙananan gonaki a Ikorodu da Epe da Badagry sun fara yawan tambayar inda za su sami karsanar da za su ajiye don haihuwa. Tun da dokar hana kiwon sake ta fito a jihar Legas a 2021, mai son shanu sai dai ya killace su, kuma wanda ya killace kowace loma da kuɗinsa yake sayenta. Ni ga matsayina: duk karsanar da ta sauka daga tirela a kasuwar shanu ta Oko-Oba ko ta Kara, ta wuƙa ce. Bafulatani ba ya rabuwa da macen da yake sa ran za ta ƙara masa garke. Bijimai yake fara sayarwa, sai tsofaffin shanu, sai wadda ta ƙi ɗaukar ciki ko ta yi ɓari. Kafin ta iso nan kuma ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu daga Potiskum ko Maigatari ko Illela, kowa ya dube ta ya sake ta. Mai son ta haihuwa ya tafi ruga, ya ga uwarta, ya ga ubanta.

Malam Buba, Kara:
Wa alaikumus salam. Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, amma kalmar "duk" ta yi nauyi. Ka tambayi mahauta sau nawa ake farke saniya a kwata a tarar da ɗa a cikinta. Wadda aka tarar da ɗa a cikinta ai ba juya ba ce. Yanzu makiyayi yana sayar da mace saboda rani ya yi tsanani, ko ɓarayi sun tashe shi daga mazauninsa, ko ana bin sa bashi. Matsuwa ce ke fitar da ita daga garke, lafiyarta ƙalau. Abin da ya rage ga mai saye shi ne ya iya rarrabewa.

Alhaji Sale, Agege:
To Malam, da me zai rarrabe? Juya ba ta da tambari a goshi. Hasali ma ta fi kowace kyau, don duk abin da ta ci a jikinta yake zama.

Malam Buba, Kara:
Da bakinta zai fara. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Na yarinta ƙanana ne, farare, masu siririn gindi. Idan ta kai wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi sai biyun tsakiya su faɗi, manya masu faɗi su fito. Wajen shekara uku ta yi huɗu, uku da rabi ta yi shida, daga huɗu zuwa huɗu da rabi baki ya cika. Ka haɗa wannan da lokacin haihuwar fari. Bunaji a hannun makiyayi takan kai shekara huɗu, wata ma biyar, kafin ta haihu, amma idan tana ƙoshi takan haihu a shekara uku. Saboda haka mai manyan haƙora biyu da ba ta da ciki ba abin zargi ba ce, lokacinta ne bai yi ba. Mai shida ko takwas, ga ƙiba, ga tozo a cike, hantsa a shafe, babu ciki, wannan ita ce wadda Alhaji yake nufi. A bar wa mahauci.

Sai a duba ko karsanar ce ma da gaske. Wadda ta taɓa shayarwa nonuwanta sun yi tsawo, fatar hantsa ta saki, kuma sau da yawa akwai zobe a gindin ƙaho, don ƙaho yana rage girma lokacin ciki da shayarwa. Sai dai yunwar rani ma tana barin irin wannan zoben, kada a yanke hukunci da shi kaɗai.

Dakta Maryam, Ikorodu:
Malam Buba, na yarda da lissafin haƙora, amma shekaru kawai yake faɗa maka. Abin da ke sa karsana ta fara neman bijimi nauyin jiki ne fiye da shekaru. Ana so ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin babbar saniyar irinta kafin a yi mata barbara. Ga Bunaji, kilo 200 zuwa 220 ke nan. Ba sai da sikeli ba, tef ɗin tela ya isa. A zagaya ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, a auna da santimita. A auna tsawonta daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Mai ƙirji 140 da tsawo 120 za ta ba da wajen kilo 217. Ƙiyasi ne, amma ya fi ido. Mai haƙora huɗu da ƙirjinta bai wuce 125 ba ta tsumbure tun tana maraƙa, ƙugunta ba zai buɗe yadda ya kamata ba, kuma irinta ce ɗa ke maƙale wa ranar haihuwa, musamman idan aka ba ta irin Friesian, wato manyan shanun madara na Turai.

Inda na fi karkata ga Alhaji Sale shi ne bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Karsanar da ta sha shi tun a nonon uwa tana iya zama sumul, ta ɗauki ciki lafiya, sai a wata na shida zuwa na takwas ta zubar, mabiyiya ta tsaya. Ruwan ɓarin nan shi ke shafa wa sauran shanu, kuma mutum ma yana kamuwa ta ɗanyen nono ko taɓa ɓarin da hannu. Kumburin gwiwa mai ruwa alama ce, amma da yawa ba sa nuna komai. Babu dillalin da zai gane shi da ido, komai daɗewarsa a kara.

Alhaji Sale, Agege:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. A ruga za ka ji labarin garken, maƙwabta sun san wanda shanunsa ke ɓari.

Dakta Maryam, Ikorodu:
Ranka ya daɗe, a rugar ma akwai bakkale, kuma mai garke ba lallai ya faɗa ba. Abin da ke raba gardama jini ne. Gwajin Rose Bengal ɗigon ruwan jini ne a kan faranti, cikin minti huɗu an ga sakamako. Idan ya nuna akwai, magana ta ƙare, ba a ajiye ta. Idan bai nuna ba a maimaita bayan wata ɗaya, kuma a sake bayan haihuwar fari, don wadda ta gado shi tana iya ɓoye shi har sai ta yi ciki.

Abu na biyu, likita ya sa hannu ta dubura da doguwar safar roba. Cikin 'yan mintuna zai ji ko mahaifa ta cika girma, ko ƙwayayen haihuwa biyu da ke gefen mahaifa suna aiki ko sun tsaya ƙanana kamar wake, ko akwai ciki in ya kai wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Karsanar da aka tabbatar tana da ƙaramin ciki ta amsa babbar tambayar da kanta.

Kawu Jauro, Epe:
Akwai wadda ba a ambata ba, macen da aka haifa tagwaye da namiji. Tara cikin goma ba sa haihuwa har abada, don jininsu ya gauraya tun a ciki, mahaifarta ba ta ginu ba. Tagwaye ba su da yawa a shanunmu, amma duk makiyayin da ya samu ya san kasuwa zai kai ta, shi ya sa a kara ake cin karo da ita. Wuyanta da kanta kamar na ɗan bijimi, farjinta ƙarami ne da tsinin gashi mai tsawo a ƙasansa, nonuwa kamar ƙwayar masara. Lafiyayyar karsana fuskarta siririya ce, wuya ba kauri, nonuwa huɗu daidai wa daida da tazara a tsakaninsu. A tsuguna a taɓa kowanne. Babbar kaskar nan mai zane a baya tana son hantsa, kuma inda ta ciji nono ya warke da tabo, ƙofar na iya toshewa. Saniya mai nono uku tana rayar da maraƙi, amma kuɗinta ba ɗaya ba ne.

Sannan a tsaya ta bayanta a sa a kora ta. Ƙugu ya zama da faɗi, ƙafafun baya kada su riƙa gogar juna, kofato kada ya yi tsawo ya karkace. Ƙasar nan da laka take, mai raunin kofato ba ta daɗewa.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Kawu, ina da ja a kan dukkanku. Kuna ta gardamar inda za a saye ta, ba ku tambayi inda za ta zauna ba. Karsanar da ta fi kowace lafiya a Illela tana iya lalacewa a Epe cikin damina ɗaya. Akwai ƙudan tsando a dazukan bakin ruwa, sammore kuma, cutar da cizonsu ke kawowa, yana tsayar da neman bijimi, yana sa ɓari, yana cinye jini a hankali. Ga kirci, ciwon fata wanda ruwan sama da kaska ke hura wa wuta, a garin da damina ke zuwa kashi biyu a shekara. Rahaji da Bokolo shanun busasshiyar ƙasa ne, su suka fi wahala a nan. Bunaji ta fi su jurewa. Waɗanda suka saba da tsando su ne Muturu da Ndama da Keteku, wadda ita ruwa biyu ce tsakanin Muturu da shanu masu tozo. Idan 'ya'ya ake so ba madara ba, Keteku daga Oyo ko Ogun ta fi doguwar Rahaji da za ta ci magani fiye da kuɗinta.

Malam Buba, Kara:
Hajiya, gaskiya ne, sai dai Muturu ƙarama ce ƙwarai, nononta da ƙyar yake isar ɗanta, kuma ranar sayarwa girman jiki ake saye a Legas. Bunaji a killace, nesa da kurmi, ana yi mata wankan kaska a kan kari, tana yi.

Dakta Maryam, Ikorodu:
Tana yi idan an kiyaye allurar sammore. Diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, na warkarwa ne, miligiram 3.5 a kowane kilo. Samorin shi ke ba da kariya ta wata biyu zuwa huɗu. Ɓarnar da ake yi ita ce raba ƙunshi ɗaya ga shanu da yawa ba tare da awo ba, sai ƙwayar cutar ta saba da maganin. Nan ma tef ɗin nan yana da amfani. A wurin saye kuma a janye fatar ido ta ƙasa a duba. Ja-ja mai haske lafiya ce, fari fat ƙarancin jini ne. Kaluluwa a gaban kafaɗa da ido mai zubar hawaye suna nuna sammore, kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa kuma ciwon hanta ne ko tsutsar ciki. Waɗannan suna jin magani, a rage kuɗi a kansu. Wanda ba a ciniki a kansa shi ne ciwon huhu. A kora ta da gudu na minti biyu ko uku a tsaya a saurara. Idan ta yi busasshen tari, ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba tana nishi, a wuce. Ko ta ga kamar ta warke tana iya riƙe cutar a huhu ta raba wa garke.

Alhaji Sale, Agege:
Duk wannan dubawar a ranar da ta sauka? Dabbar da ta yi kwana biyu a tsaye cikin tirela, ba ci ba sha, an tattake ta, an murɗe mata wutsiya? Lafiyayya za ta yi kama da marar lafiya. Kuma wane dillali ne zai tsaya ana ɗibar jini alhali mahauci na gefe da kuɗi a hannu?

Malam Buba, Kara:
Ba a duba ta ranar sauka, Alhaji. A bar ta ta sha ruwa, ta ci harawa, ta kwana biyu. Wadda gajiya ce kawai ke damunta za ka tarar ta koma tuƙa, hancinta da danshi, kashinta ya daidaita. Batun dillali kuwa, a yi ciniki da sharaɗi a gaban shaidu, a ba da kafin alƙalami, a ce kwana uku likita zai duba, in an sami bakkale ko mahaifa marar amfani ciniki ya warware. Ko a fiƙihunmu na Malikiyya zaɓin mai saye a kan dabba wajen kwana uku ne. Dillalin da ya san kayansa zai yarda idan an kyautata masa la'ada. A kuma karɓi takardar kasuwa mai bayanin launi da tambarin dabbar, saboda shanun sata.

Kawu Jauro, Epe:
In ta iso gona kada a haɗa ta da sauran sai ta yi mako uku zuwa huɗu ita kaɗai, da kwanon ruwanta daban. A cikin kwanakin a ba ta maganin tsutsa da na hanta, a cire kaska, a yi rigakafin ciwon huhu. Abinci a sauya a hankali. Dabbar da ta saba da busasshiyar ciyawa idan aka cika mata dusar alkama ko jiƙaƙƙiyar dusar giya rana ɗaya, cikinta zai kumbura ko ta ɓarke da zawo. Ɓawon rogo sai an shanya shi ya bushe sosai. Sannan a sa ido safe da yamma. Wadda ta isa tana neman bijimi duk bayan kwana 21, ko sama ko ƙasa da kwana uku. Shanunmu masu tozo ba sa daɗewa suna neman bijimin kuma sau da yawa da dare ne, sai dai a ga farin ruwa mai yauƙi a wutsiya, ko gashin gindin wutsiya ya tashi saboda an hau ta.

Alhaji Sale, Agege:
Na janye "duk", amma da iyaka. Mai haƙora biyu zuwa huɗu, wadda tef ya ba ta kilo 200, jini ya fita fes, likita ya taɓa mahaifa, a saye ta a nan. Wanda ba shi da likitan da zai kira, har yanzu ruga nake tura shi. Dakta, saura tambaya ɗaya. In an ajiye ta tana ƙoshi, ga bijimi a tare da ita, wata nawa za a jira kafin a ce ta gaza?

Dakta Maryam, Ikorodu:
A ba ta wata biyu ta murmure daga hanya, sannan wata uku tare da bijimin da aka san yana ba da ciki, zagaye huɗu ke nan. Bayan wata biyu da raba su a sake sa hannu. In babu komai, kafin a ɗora mata laifi a duba bijimin, musamman idan sauran matan da ke tare da shi ma ba su ɗauka ba.