Tambaya kan tiransifonda, na'urar cikin jirgin sama da ke aika wa rada lambar jirgin

Dalibin_tuƙi: Salam 'yan uwa, don Allah in hasumiyar filin jirgi ta ba ka lamba a rediyo ya ake sa ta a tiransifonda, kuma me ya sa babu 8 da 9?

Kyaftin01: Wslm ƙanena. Lambobi huɗu ne, kowacce daga 0 zuwa 7, haka aka ƙera na'urar. Ka maimaita musu lambar, ka shigar, ka murɗa zuwa ALT don rada ta nuna musu tsayin da kake, maɓallin IDENT kuwa, mai sa jirginka ya fito fili a radarsu, kar ka taɓa sai sun ce ka danna.

Maijirgi_Kn: Kuma wallahi ka kula wajen murɗa lambobin tsofaffin na'urorin nan kar ka bi ta 7500, wannan ta fashin jirgi ce, 7600 rediyo ya mutu, 7700 gaggawa.

Dalibin_tuƙi: Kai! Na gode yayyena, Allah ya ƙara basira.