Na ƙirga numfashin ɗana sau uku, kowanne da lissafinsa

Uwar Biyu, Kano: Assalamu alaikum. Jiya da dare yarona ɗan wata bakwai jikinsa ya ɗau zafi, ga tari. Na ɗage masa riga na ƙirga numfashinsa da agogon waya, na samu 56 a minti ɗaya. Da ya sha nono ya yi barci na sake, 44. Da asuba kuma 47. A wajen awo an ce mana 50 ce iyaka. To wanne zan kama?

Ma'aikaciyar lafiya, Katsina: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Na farkon nan yana kuka ko? Kuka, zazzaɓi da mutsu-mutsu duk suna ɗaga numfashi, shi ya sa muke jira yaro ya natsu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya muke bi: ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri; wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye; shekara 1 zuwa ƙasa da 5, numfashi 40 ko fiye. Shiga da fita ɗaya ake lissafa su. Ni kaina, jariri sabon haihuwa in na samu 60 sai na maimaita kafin in ce komai.

Baban Jaririya: Ni ha'inci na yi wa kaina. Daƙiƙa 15 nake ƙirgawa in ninka sau huɗu, sai in ga 72, anjima 36. Ashe jarirai haka suke, su yi haki-haki, su ɗan tsaya 'yan daƙiƙu, su ci gaba. Wani dare har girgiza ta na yi, uwarta ta yi ta min faɗa. Sai da na koma cika minti ɗaya lissafin ya daidaita.

Kaka, Damagaram: 'Ya'yana, ni ido kan ƙirji da ido kan agogo ba sa haɗuwa min. Carbi nake ja, jikata ta riƙe waya, in ta ce minti ya cika mu ƙirga 'ya'yan carbin.

Maman 'Yan Mata, Zariya: Kada lissafi ya ɗauke miki hankali daga ƙirjin kansa. Hunturun bara 'yata mai shekara uku tana barci lau, amma 46, na sake 48, kuma ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk ta ja numfashi. Kwana biyu ina ɗura mata maganin tarin da wani mai kemis ya ba ni. A asibiti aka ce sanyin haƙarƙari ne, nimoniya, har aka kwantar da mu. In kin ga lotsawar nan, ko nishi, ko ya ƙi nono, kada ki tsaya ƙirge, ki tafi.

Uwar Biyu, Kano: Na gode ƙwarai. Eh, na farkon tsala ihu yake. Yanzu yana kwance shiru na samu 52, na sake 53. Babansa ya fita nemo adaidaita.