Me ya sa amoniya ke narkar da abin da ita kanta ta kwantar?

Ɗaliba mai shirin WAEC:

Assalamu alaikum. A ɗakin gwaji mun ɗiga ruwan amoniya a kan ruwan gishirin jan ƙarfe, wato CuSO4, sai wani abu mai kauri, ruwan bula, ya kwanta a gindin kwalbar gwaji. Da muka ci gaba da ƙara amoniyar sai abin ya narke ƙaƙaf, ruwan ya koma shuɗi mai duhu. Littafinmu ya ce an samu haɗaɗɗen ayon (ayon shi ne ƙwaya mai ɗauke da caji), bai ƙara komai ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, amoniya ba ta da caji, jan ƙarfen kuwa cajinsa +2 ne kuma salfet ta riga ta daidaita shi, to da me amoniyar take riƙe shi? Malamai, a taimaka.

Malamin kimiyyar sinadarai:

Wa alaikumus salam. Malama ɗaliba, tambayar da kika yi ita ce ta hana masana barci a ƙarshen ƙarni na 19, har Alfred Werner na Jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan ya warware ta a 1893, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1913. Shi da gishirin kobalt ya yi aiki. An san sinadarai da dama da suka ƙunshi CoCl3 da amoniya: mai amoniya 6 ruwan ɗorawa ne, mai 5 shunayya ne, mai 4 kuma akan same shi kore. Kowannensu yana da kilorin 3, amma idan aka zuba musu naitiret na azurfa, na farko yakan saki kilorin ɗinsa duka 3 su kwanta tare da azurfar, na biyu ya saki 2, na uku ya saki 1 tak.

Werner ya ce ƙarfen yana da damar haɗuwa iri biyu. Akwai caji, wanda dole a daidaita shi, akwai kuma gurabe ƙayyadaddu a kewayensa, 6 ga kobalt, waɗanda dole a cike su ko da wanda zai zauna ba shi da caji. Kamar sarki ne da fadawansa: na cikin fada suna zaune daram, na bakin ƙofa kuwa ko wa ya kira su sai su bi shi. Idan amoniya 6 ta cike guraben, kilorin duka suna waje. Idan 5 ce, kilorin ɗaya ya shiga ciki, azurfa ba ta isa ta janye shi ba. Shi ya sa ake rubuta na cikin a baka mai kusurwa, kamar [Co(NH3)5Cl]Cl2.

Abin da amoniya ke riƙo da shi kuwa shi ne tagwayen ilektiron guda biyu da ke kan naitirojin ɗinta, waɗanda ba su shiga haɗi da kowa ba, sai ta miƙa su duka biyun ga ƙarfen. Duk mai yin haka, ko ruwa ne ko kilorayid, ligan ake ce masa. A kwalbarki, ɗigon farko ya sa ruwan ya zama mai sinadarin alkali (kishiyar asid), Cu(OH)2, wato abin nan mai kauri, ya kwanta. Da amoniya ta yawaita sai guda 4 suka maƙale wa jan ƙarfen, suka dawo da shi cikin ruwa a matsayin [Cu(NH3)4(H2O)2]2+.

Ɗalibin jami'a, aji uku:

Malam ya gama da batun riƙo, bari in ɗan taɓa launi. Ƙarafa irin su jan ƙarfe suna da mazaunan ilektiron guda 5 da ake kira d. Idan ligan 6 suka kewaye ƙarfen, waɗannan mazaunai sukan rabu, 3 a ƙasa 2 a sama, kuma ilektiron yakan haɗiye wani yanki na haske domin ya tsallaka tazarar, abin da ya rage shi ne launin da ido ke gani. Tushen wannan bayani aikin Hans Bethe ne na 1929. Amoniya ta fi ruwa buɗa tazarar, don haka tsawon zangon hasken da ake haɗiyewa, wanda ake aunawa da nanomita, yakan tashi daga wajen 800 zuwa wajen 600, shuɗin ya ƙara duhu. Ki gwada da gishirin tutiya: farin abu zai kwanta, ya narke cikin ƙarin amoniya, amma ruwan zai fito garau ba launi, domin mazaunan d na Zn2+ a cike suke da ilektiron 10, babu inda za a tsallaka.

Ɗaliba mai shirin WAEC:

Na gode ƙwarai. Sai dai, Malam, ta yaya Werner ya san yadda ligan 6 ɗin suka jeru, alhali a lokacinsa ba a iya ganin ƙwayar zarra?

Malamin kimiyyar sinadarai:

Da lissafi ya kama su, kuma a ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Idan 6 ɗin a shimfiɗe suke a zobe ɗaya, sinadari mai amoniya 4 da kilorin 2 a ciki zai iya zuwa a siffa 3 daban-daban. Idan kuwa 4 suna kewaye, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, siffa 2 kawai za ta yiwu: kilorin biyun su yi maƙwabtaka, ko su kalli juna ƙarfen yana tsakiya. Koren shi ne mai kallon juna. Sophus Jørgensen na ƙasar Denmak, wanda ya daɗe yana kare ra'ayin cewa amoniya sarƙa take yi, ya tsaya a kan cewa a nuna masa na biyun, sai a 1907 Werner ya haɗa shi, ya fito shunayya mai haske, na uku kuwa ba a taɓa samun sa ba.

Kada ki ɗauki wannan bambancin jeri wasa. Maganin cutar daji da ake kira sisfilatin, wanda Barnett Rosenberg ya gano tasirinsa a shekarun 1960, aka kuma amince da shi a Amurka a 1978, filatinom ne da amoniya 2 da kilorin 2, kilorin ɗin suna maƙwabtaka. Ɗan'uwansa mai kayan haɗi iri ɗaya, wanda kilorin ɗinsa ke kallon juna, ba a amfani da shi wajen maganin cutar domin ba ya yin aikin.