Kaktus ɗina yana sirancewa a falo, wanda aka fitar rana kuma ya ƙone

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana shuke-shuken ado. Kaktus ne mai siffar ƙwallo da ƙayoyi ruwan ɗorawa, cikin baƙar tukunyar roba, a kan teburin falo kamar taku huɗu daga taga. Wata uku ke nan, kansa ya fara yin tsini, sabon tohon ya koɗe, ƙayoyin da ke fitowa kuma sirara ne. Ɗan'uwansa da aka fitar tsakar gida, kwana biyu kacal gefe guda ya yi fari fat. To wai rana yake so ko inuwa? An ce in kai shi tagar kudu. A Kano muke.

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Rana yake so, amma ba a kai shi gare ta farat ɗaya. Bisa kwatancenki wannan shi ne Echinocactus grusonii, ɗan asalin tsakiyar Meziko, inda yake fitowa a gangaren duwatsu. Tsinin nan yunwar haske ce: yana miƙa wuya ne yana neman rana.

Ido yana ruɗinmu a nan. Ranar tsaka a fili tana kai laks 100,000 a ma'aunin haske, falon da muke gani fes kuwa sau da yawa bai wuce 300 zuwa 500 ba. Akwai manhajar waya da ke auna wannan, ko da ba daidai-wa-daida ba. In babu, ki ɗaga tafin hannu kamar taƙi ɗaya saman shukar. In inuwar ta fito da yatsu rarrabe, akwai haske; in ta zama dishi-dishi, wurin bai yi ba. Yana bukatar rana ta taɓa jikinsa awa 4 zuwa 6 a yini, tukunyar kuma ta manne da taga. Labule, gilashi mai duhu, ragar sauro da ƙurar hunturu da ke kwanciya a gilashi, kowanne yana cin rabonsa kafin hasken ya iso.

Wanda ya yi fari kuwa ƙuna ce. Fatar da ta girma a ɗaki ba ta da kaurin da za ta jure rana. Ga yadda ake sabar da shi: kwana huɗu na farko a inuwa mai haske a waje, ƙarƙashin baranda ko bishiya. Daga nan hantsi na awa ɗaya, sai a riƙa ƙara awa guda duk bayan kwana uku ko huɗu. Cikin mako uku zai iya ɗaukar rana daga safe har walaha. In kika ga fatar ta fara ɗorawa-ɗorawa a gefen da ke kallon rana, ki koma baya mataki ɗaya. A wannan gaɓar yana warkewa. Idan ta riga ta yi fari ta bushe, tabon ya zauna ke nan, zai koma ruwan ƙasa kamar ɓawon itace. Ba ya kashe shi, muddin wurin bai yi laushi ba.

Malamin Jogarafi:
Malam Mai Lambu ya gama magana a kan ƙuna. Ni batun tagar kudu ne zan tsaya a kai, don shawara ce ta mutanen Turai da Amurka, inda ranar tsaka take tsayawa ta kudu duk shekara. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da ikweta, layin da ya raba duniya gida biyu. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai saman kai da tsakar rana. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ma ta arewa take karkata. Wato duk tsawon watannin nan tagar kudu kusan ba ta ganin rana ko kaɗan. Sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu take amfani, lokacin da rana ke sauka kudu. A Disamba tsayinta da tsakar rana kusan digiri 55 ne, kuma ko a nan, in kwanon rufi ya leƙo sosai, shi zai tare ta.

Tagar gabas ita ce abin dogaro a wajenmu, rani da damina, domin hantsi yana shigowa a kwance kuma ba shi da zafi. Ta yamma ma tana kawo haske, sai dai a bazara ranar la'asar ta bayan gilashi tanda ce, ki ja tukunyar baya kamar taƙi ɗaya. Zariya, Katsina, Maraɗi, Damagaram, lissafin kusan ɗaya ne, ranakun ne ke ɗan gusawa.

Wani abu da ake mantawa: na cikin ɗaki ki juya shi kwata ɗaya duk mako don kada ya karkace. Na waje kada ki juya shi. Gefen da ya saba da rana ya yi kauri, ɗayan bai yi ba. Ki ɗiga fenti a bakin tukunya ta ɓangaren gabas, duk sanda aka ɗaga don shara a mayar da ita yadda take.

Maman Biyu:
Na gode, Allah ya saka. Falon nawa ba shi da tagar gabas. Ƙwan lantarki zai iya maye gurbin rana? Kuma kan da ya sirance zai koma daidai?

Injiniyan Sola:
Zai iya, Hajiya, amma ba ƙwan da ke maƙale a silin ba. Ki nemi LED fari, mai lamba 5000K zuwa 6500K a jikin kwali, mai cin wat 20 zuwa 30 na gaske. Ki duba da kyau, wasu kwalayen suna rubuta wat ɗin tsohon ƙwan da yake kama da shi ne. A rataye shi santimita 15 zuwa 25 saman kan shukar. Nisa ne ke ɓata aikin: in kika ninka tazarar, hasken da ke isa ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Awa 12 zuwa 14 a kunne, sauran a kashe, saboda kaktus da dare yake buɗe ƙofofin fatarsa ya sha iskar da zai yi aiki da ita da rana. Wat 30 na awa 14 bai kai rabin yunit ba a yini, amma in wuta ba ta tsayawa kuma babu batir, wahalar banza ce. Gara baranda.

Mai Lambu:
Kan ba zai koma ba. In haske ya wadata, sabon toho zai fito da faɗinsa a sama, wurin da ya sirance ya zauna kamar ƙugu. Kafin ki gyara masa wuri ki rage ruwa sosai, don ruwa da taki a cikin duhu su ke ingiza tsawon.

Ban cika yarda a bar ƙaramin kaktus a ranar bazara tsirara ba, ko ya saba. Saguwaro, ƙaton kaktus ɗin nan na hamadar Sonora a Arizona, a ƙarƙashin wata bishiya yake yin ƙuruciyarsa. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a ɗaura ragar inuwa mai rage kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na hasken rana, ko a ajiye shi inda inuwa za ta rufe shi daga azahar. Baƙar robar nan ma ki sauya ta da tukunyar ƙasa mai huda a gindi, kuma kada ta zauna kan siminti ko jikin bangon yamma, saiwar ce ke dahuwa. Da damina, rana eh, ruwan sama a'a. Ƙarƙashin bakin rufi ta gabas ya fi.

'Yar Gandu:
Ƙarin bayani ga masu karantawa: ba duk mai ƙaya ne kaktus ba. Ƙyarana da tinya na dajinmu dangin Euphorbia ne, in an yanke su farin ruwa kamar madara ke fita, kuma yana ƙona ido. Kaktus na gaske ƙayarsa daga wani ɗan gammo mai gashi take fitowa. Sannan kaktus masu kai ja ko ruwan hoda da ake sayarwa a bakin titi, aure aka yi musu a kan wata shukar. Kan nan ba shi da koren da ke kama haske, gindin ne ke ciyar da shi. Su hantsin awa ɗaya ko biyu ya ishe su, kada a haɗa su layi ɗaya da na Hajiya.